MAI HAWAN TSANIN LISSAFI BA YA TSALLAKE MATAKI

Daga Wani Hafsan Ilmi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu, har da masu ilmi cikinsu, watau mutum ya ce, "Ni ba ni da kan lissafi." Sai ka ga malami ya gwanance a Hausa da Turanci, ko kuwa akawu wanda ya shekara goma sha yana riƙe da littattafan ofis ba a taɓa kama shi da kuskure ba, amma da an ambaci aljabara sai ya kaɗa kai, ya yi murmushi, ya faɗi maganan nan ba tare da jin kunya ba. Alhali kuwa da za a ce masa bai iya karatu ba, da ran nan an yi rigima. To, ni ban yarda da wannan magana ba, ina kuwa so in bayyana dalilina, domin ɓarnar da ta ke yi mana a makarantu ta wuce yadda mu ke zato.

Lissafi ya sha bamban da yawancin fannonin da a ke koyarwa. Yaron da zazzaɓi ya hana shi jin darasin Daular Borno, in ya warke ya iya sauraron na Daular Songhai ya fahimta sarai. Amma lissafi kamar ginin soro ne, kowane tubali a kan na ƙasa da shi ya ke zaune. In ciwo ya kwantar da yaro mako biyu a aji huɗu, daidai lokacin da a ke koyar da kashe-kashen lamba, sai ya dawo ya tarar an wuce. Ƙarshen shekara a ciyar da shi gaba tare da 'yan'uwansa, giɓin yana nan ba a cike ba. A ɗora masa wani darasi a kan giɓin, a sake ɗora wani. Bayan shekara biyar ginin ya rushe a ɗakin jarrabawa, sai kowa ya ce ai dama yaron ba shi da kai. Ruwa ba ya tsami banza. In an bi sawu, galibi a kan iske mataki guda ne aka tsallake masa tun yana ƙarami.

MATAKAN TSANIN

Bari mu jera matakan nan, daga ƙirga har zuwa kalkulas, wanda shi ne ƙofar lissafin jami'a, don kowa ya duba ya ga inda ƙafarsa ta zame.

Na farko shi ne sanin lamba da matsayinta, da tarawa, da ɗebewa, da ninkawa, da rabawa. Kada a raina wannan mataki. Yaron da bai gane dalilin da ya sa 2 ɗin da ke cikin 205 ta fi 5 ɗin da ke ƙarshe nauyi ba, har abada "ajiye ɗaya" da "aro ɗaya" za su zame masa kamar tsafi. Sifirin nan ma da mu ke rubutawa ba tare da tunani ba, an daɗe kafin a san yadda za a yi da shi. Wani malamin Indiya mai suna Barahmagupta shi ya rubuta ƙa'idodin lissafi da sifiri cikin shekarar 628. Turai kuwa sai cikin 1202 wani ɗan Italiya, Fibonachi, wanda ya koyi lambobin a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya, ya rubuta littafin da ya taimaka wajen yaɗa su a can.

Na biyu shi ne kashe-kashe, watau rabi da sulusi da rubu'i da 'yan'uwansu, da lissafin ɗigo, da kashi cikin ɗari, da lambobin da ke ƙasa da sifiri. A nan ne yawancin yaranmu su ke faɗuwa, manya da yawa ma a nan su ka faɗi ba su sani ba. Ka ce wa yaro ya tara rabi da sulusi, sai ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya kawo maka 2/5. Da an saba masa da tambayar kansa, da ya lura 2/5 bai kai rabi ba. Yaya za a ƙara wa rabin gurasa wani yanki, sa'an nan abin da ke hannu ya ragu? Amsar gaskiya 5/6 ce, ana samunta in an yanka gurasar shida, rabi ya zama yanka uku, sulusi ya zama yanka biyu.

Wannan lissafi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Malaman fara'ili sun daɗe suna yinsa a zaure. Ga mas'ala sananniya: mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Mata tana da tumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. Sai malami ya nemi lambar da takwas da uku da shida duk za su raba, ya sami 24. Mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. In ka tara sai ka ga 27, watau rabon ya fi dukiyar yawa. Sai a yi auli, a raba dukiyar kashi 27 maimakon 24, kowa ya ɗan ragu gwargwadon rabonsa. Duk wanda ya iya wannan ya riga ya taka mataki na biyu da ƙafa biyu, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Na uku shi ne aljabara, inda a ke sa harafi a madadin lambar da ba a sani ba tukuna. Sunan ma daga Larabci ya fito, daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda babban sashe cikinsa a kan lissafin gado da wasiyya ya ke. Aljabara ba wani sabon abu ba ce face lissafin mataki na ɗaya da na biyu sanye da riga. Wanda bai iya tara 1/2 da 1/3 ba, ina zai iya tara 1/a da 1/b? Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne yaro ya ɗauka in an ninka (a + b) da kansa za a sami a² + b² kawai. Maganinsa a fita da yara waje, a zana fili mai kusurwa huɗu a ƙasa, tsawo taki 5, faɗi taki 5, a raba kowane gefe zuwa 3 da 2. Filin duka 25 ne. Amma 3 sau 3 da 2 sau 2 sun ba da 13 kaɗai. Ina sauran 12? Ga su nan kwance a gaban yara, fili biyu, kowane 3 sau 2. Yaron da ya gan su da idonsa ba ya sake mantawa da su.

Na huɗu shi ne ilmin handasa, watau sha'anin layi da kusurwa da alwatika da da'ira, tare da lissafin kusurwoyi da a ke kira tirigonometiri. Babban amfaninsa shi ne ya koya wa mutum kafa hujja, kada ya karɓi magana don malam ya faɗa. Uƙilidis ya tsara wannan fanni a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, cikin juzu'i 13, yana farawa daga 'yan ƙa'idodi kaɗan, yana gina kowace magana a kan wadda ta gabace ta. An ruwaito cewa sarkin zamaninsa ya nemi ya nuna masa gajeriyar hanya, shi kuwa ya amsa masa cewa wannan ilmi ba a keɓe wa sarakuna tasu hanya ba.

Na biyar shi ne sanin yadda wani abu ke canzawa in wani ya canza, kamar yadda kuɗin mota ke ƙaruwa da nisan tafiya, da iya zana wannan dangantaka a takarda ta zama layi, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Dekat na Faransa shi ya haɗa aljabara da handasa ta wannan hanya cikin littafinsa na 1637. Daga nan sai mataki na shida.

MENE NE KALKULAS?

Sunan nan ya kan firgita mutane, amma tambayoyi biyu ne tak ya ke amsawa. Ta farko: in abu yana canzawa, da wane sauri ya ke canzawa a daidai wannan ƙiftawar ido? Ta biyu: in abu ya taru daga gutsattsari ƙanana marasa iyaka, nawa ne jimlarsa?

Ga misalin ta farko, ina roƙon mai karatu ya ɗauki fensir ya bi ni. Galileyo na Italiya ya bayyana cikin 1638 cewa nisan da abu mai faɗowa ke ci yana tafiya ne da lokaci ninke da kansa. A awon yau, dutsen da aka saki daga sama ya kan ci kusan mita 5 sau daƙiƙa sau daƙiƙa. A daƙiƙa ta 1 ya ci mita 5, a ta 2 mita 20, a ta 3 mita 45. To, mene ne saurinsa daidai lokacin da daƙiƙa 3 su ka cika? Sauri dai nisa ne a raba da lokaci, ƙiftawa kuwa ba ta da tsawon da za a raba da shi. Dabarar ita ce a ɗauki ɗan lokaci kaɗan. Daga daƙiƙa 3 zuwa 3.1 dutsen ya ci mita 3.05, in an raba da 0.1 a sami 30.5. Daga 3 zuwa 3.01 ya ci mita 0.3005, in an raba da 0.01 a sami 30.05. In an ƙara matse lokacin a sami 30.005. Ko makaho ya ji inda lambobin nan su ka dosa: 30. Saurin dutsen a wannan ƙiftawa mita 30 ne cikin daƙiƙa.

In an so a yi shi da aljabara, sai a kira ɗan lokacin nan h. Nisa a ƙarshensa 5(3 + h)² ne, watau 45 + 30h + 5h². A ɗebe 45, a raba da h, saura 30 + 5h. Duk yadda h ya ƙanƙance, haka amsar ke matsowa ga 30.

Yanzu jama'a ku duba aikin nan da kyau. Sabon tunani guda ɗaya ne kawai a cikinsa, shi ne na ƙarshe, na lura da inda lambobi su ka dosa. Sauran duka tsohon kaya ne: ninka (3 + h) da kansa, wanda mu ka zana a ƙasa ɗazu, da lissafin ɗigo, da rabawa. Ɗalibin jami'a da ya faɗi a wannan tambaya, in ka karɓi takardarsa ka duba, galibi za ka iske sabon tunanin ya shige shi, a tsohon kayan ya yi tuntuɓe. Ya rubuta (3 + h)² daidai ya ke da 9 + h², ya bar filayen nan biyu a baya. Ashe kalkulas bai kayar da shi ba, bashin aji ɗaya na sakandare ne ya biyo shi har jami'a.

Tambaya ta biyu kuwa manomin fadama ya san ta. Gonar da gefenta ya bi lanƙwasar rafi ba ta aunuwa da tsawo sau faɗi. Amma in an yanka ta kunya kunya, kowace kunya ta kusa zama miƙaƙƙiya, a auna ta, a tara. Duk yadda kunyoyin su ka ƙara sirancewa, haka jimlar ke matsowa ga gaskiya. Da irin wannan dabara Arkimidis, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kewaye da'ira da siffa mai gefe 96 ciki da waje, ya nuna cewa kewayenta ya fi faɗinta sau 3 da 10/71, amma bai kai sau 3 da 1/7 ba. Abin da Niyuton na Ingila ya gano cikin 1665 da 1666, Laibinis na Jamus kuma ya gano da kansa ya buga cikin 1686, shi ne tambayoyin nan biyu juna su ke warwarewa, kamar yadda ɗebewa ke warware tarawa. Da wannan ne a yau a ke lissafin ƙarfin gada, da yawan ruwan da madatsa za ta riƙe, da tafiyar wutar lantarki, da yadda annoba ke yaɗuwa cikin jama'a.

Daga Uƙilidis zuwa Niyuton kusan shekara 2,000 ne. Bayan Niyuton ma sai da aka yi shekara 150 da ɗoriya ana gardama a kan tushen abin, kafin Koshi na Faransa ya fara daidaita shi cikin 1821. In manyan masu hankali na duniya sun yi wannan daɗewa a hanya, don me za mu zagi yaro ɗan shekara goma don bai gane kashe-kashe cikin mako guda ba?

GEMU BA YA HANA ILMI

Maganata ta farko ga babba ce, malami ko akawu, wanda ya ke jin jirgi ya riga ya bar shi. Abin da ke hana irinsa komawa ga lissafi kunya ce, kada a gan shi da littafin aji huɗu. To, ya saurari abin da aka ruwaito game da Niyuton kansa. An ce cikin 1663 ya sayi wani littafin taurari a kasuwa, ya iske wani zane da ya gagare shi saboda bai san lissafin kusurwoyi ba. Ya nemo littafin kusurwoyi, shi ma hujjojinsa su ka gagare shi, sai ya sauka har zuwa Uƙilidis. Da ya ɗauki littafin Dekat kuma, in ya yi 'yan shafuka ya cije, sai ya koma shafin farko ya sake tasowa, ya wuce inda ya tsaya, in ya sake cijewa ya sake komawa, har ya ƙure littafin. Bayan shekara biyu zuwa uku shi ne ya fito da kalkulas. Wanda ya fi mu bai ji kunyar saukowa ba, balle mu.

Ga kuma Joj Bul, ɗan wani mai ɗinkin takalma a garin Linkon na Ingila. Malamin makaranta ne tun yana ɗan shekara 16, da kansa ya koya wa kansa babban lissafi bayan an tashi daga aji, har cikin 1849 aka naɗa shi shaihun malami a kwalejin Kok ta Ailan, ba shi da digiri ko ɗaya. A kan aljabarar da ya ƙago a ke gina kwamfuta a yau. A gida kuma akwai Chike Obi, wanda aka haifa a Zariya cikin 1921. Ta hanyar karatu daga nesa ya ci jarrabawar digiri ta Jami'ar Landan, sa'an nan ya sami digirin dakta a lissafi cikin 1950. Tun kafin su duka, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin hatimi a shekarar 1732, ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Saboda haka kada wani ya ce mana lissafi ba gadonmu ba ne.

Shawarata ga mai niyya ita ce ya fara da neman matakin da ƙafarsa ta tsaya daram. Ya ɗauki littafin firamare, ya yi tambayoyin ƙarshen kowane babi. Babin da ya ci duka ba gargada ya wuce shi. Babin farko da ya yi masa gardama, nan ne gidansa, ko da aji uku ne. Sa'an nan ya yanka wa kansa rabin sa'a kowace rana, bayan asuba ko bayan isha'i, domin rabin sa'a kullum ya fi yini guda a ƙarshen wata albarka. Ya sani kuma ba a koyon lissafi da ido, kamar yadda ba a koyon ɗinki da kallon tela. A zamanin nan akwai darussa kyauta a intanet, suna da amfani ƙwarai, amma mutum ya iya kallon malami yana warware tambaya ashirin, yana kaɗa kai, in an ba shi ta ashirin da ɗaya ya kasa. Fensir da takarda su ne alƙalai. Kada ya leƙa amsa sai ya yi kokawa da tambaya. In ya sami abokin tafiya a ofis ko a makaranta, su riƙa bayyana wa juna, domin abin da ka kasa bayyanawa ba ka gane shi ba tukuna. A ganina mai wannan naci ya iya kai wa ƙofar kalkulas cikin shekara biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa.

GA MALAMAI DA SHUGABANNINSU

Maganata ta biyu ga masu riƙe da alli ce. Na san abin da za su ce: manhaja tana da tsawo, mai duba makarantu zai zo ya tambayi inda aka kai. Gaskiya ne, laifin kuwa har da mu masu dubawa, in mu ka riƙa ƙirga babin da aka gama maimakon mu gwada abin da ya zauna a kan yara. Malamin da ya gama littafi yara ba su gane ba, shi kaɗai ya gama shi. Gara a tsaya mako uku a kan kashe-kashe har su zauna, da a ruga a bar rabin aji a baya.

Waɗansu kuma za su ce ai yanzu kowace waya tana lissafi, wahalar me za a ba yara? Na'ura tana ba da amsar abin da aka danna mata ne, ba ta san ko an danna daidai ba. Akawun da ya danna albashin mutum 40 a kan naira 50,000 kowanne, na'ura ta nuna masa 200,000, in ba shi da awo a kansa sai ya sa hannu, alhali kuwa amsar miliyan 2 ce, sifiri guda ya kuɓuce wa yatsarsa. Mai lissafi a ka shi ke tsare na'ura daga kuskure.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantu su daina al'adar nan ta tura malamin da ya fi rauni zuwa ƙananan azuzuwa. Ba a ba almajirin magini aikin harsashi. Ina kira ga kwalejojin horon malamai su gwada kowane ɗalibi a kan kashe-kashe da lissafin ɗigo tun makon da ya shigo, wanda aka iske da giɓi a cike masa a asirce ba tare da tozartawa ba, domin malami guda mai tsoron lissafi ya kan shafa wa yara ɗaruruwa tsoron kafin ya yi ritaya. A ajiye bulala a darasin lissafi, gama yaron da ke kallon hannun malam ba ya kallon allo. A saba wa yara da tambayar "don me?", in malam bai san amsa ba ya ce gobe zai kawo, ya kuwa kawo. Kada kuma a ce wa yarinya wannan fanni na maza ne. Grace Alele-Williams ta sami digirin dakta a fannin koyar da lissafi cikin 1963, ta shugabanci Jami'ar Benin daga 1985, Maryam Mirzakhani ta ƙasar Iran kuma ta karɓi lambar Fields, wadda ke cikin mafi girman lambobin yabo na masu lissafi, cikin 2014.

Ƙasa ba ta samun injiniya ko likita ko mai safiyo sai ta hannun malamin aji uku da aji huɗu. Kowane yaron da aka tsallake wa mataki a can, an rufe masa waɗannan ƙofofi tun bai san da su ba, mu kuma mu ci gaba da ɗauko ma'aikata daga nesa muna biyansu da tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malam, gobe in ka shiga aji, ka rubuta rabi a tara da sulusi a allo, ka ƙirga yara nawa za su kawo maka 2/5. Daga nan aikinka zai fara. Allah ya ba mu haƙurin yinsa, amin.